Ra'ayinmu: Daga Kulungugu zuwa Salaga, wa zai gina jami'ar da muke ta maganarta?

Duk wanda ya bi babbar hanyar gabashin Ghana, wadda ta tashi daga Tema ta ratsa Hohoe da Nkwanta da Bimbila da Yendi, zai ga ta ƙare a wani ƙaramin gari na bakin iyakar Burkina Faso, wato Kulungugu. Salaga tana yamma da Bimbila, Bawku kuma ita ce babban gari na ƙarshe kafin a kai iyaka. A wannan yanki kakanninmu fatake suka riƙa sauke kaya tun kafin Bature ya hau daga bakin teku, kuma daga nan zangunan kudu da yawa suka samo malamai da limamai. Amma yau yaron da ya gama sakandare a waɗannan garuruwa, in dai ba aikin koyarwa ko na jinya yake so ba, dole ya ɗaure akwati ya nufi Tamale ko Navrongo ko Kumasi ko Akra. Wanda iyayensa ba su da kuɗin mota da na haya, sai ya zauna gida. In mace ce kuwa, sau da yawa ba a ma tayar da zancen.

Ra'ayinmu a wannan shafi shi ne, lokaci ya yi da Musulmin zango za su gina ƙaramar jami'a mai zaman kanta a wannan yanki, da kuɗin aljihunsu, a kan waƙafi, kuma Salaga ce ta fi cancanta ta karɓe ta. Za mu faɗi dalilanmu, mu kuma faɗi abin da zai iya kashe ta, domin tarihin garin kansa ya riga ya nuna mana duka biyun.

Mu fara da Kulungugu. Yaran Ghana sun san sunan garin ne saboda abu ɗaya. Ranar 1 ga Agusta 1962, Shugaba Kwame Nkrumah yana dawowa daga Tenkodogo, inda ya gana da Maurice Yameogo na ƙasar da ake kira Upper Volta a lokacin, sai ya tsaya a Kulungugu ya gaisa da jama'a. Nan aka jefa bam. Ya tsira da raunuka, aka yi masa magani a asibitin Bawku, mutane da dama suka jikkata. Abin da ya biyo baya kowa ya karanta shi: kamun Tawia Adamafio da Ako Adjei da Cofie Crabbe, da shari'ar da ta wanke su a 1963, da korar Alƙalin Alƙalai Arku Korsah. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne, cikin waɗanda suka yi layi a bakin hanya ran nan don tarbar shugaba har da 'yan makaranta. Sama da shekara 60 ke nan, jikokinsu suna nan, kuma har yanzu babbar makarantar da ke kusa da su ita ce Kwalejin Horon Malamai ta Gbewaa da ke Pusiga, wadda take tun shekarun 1950. Ta yi aiki, Allah ya saka wa waɗanda suka riƙe ta. Sai dai ba kowane yaro aka halitta don riƙe alli ba.

Wannan giɓi yana da asali. Turawan mulkin mallaka sun ɗauki Arewa a matsayin rumbun leburori na ma'adinai da gonakin koko na kudu, ba su ga dalilin ba ta boko mai zurfi ba. An buɗe Mfantsipim a Cape Coast a 1876, amma sakandaren gwamnati ta farko a Arewa, ta Tamale, sai 1951, tazarar shekara 75 ke nan. Jami'ar Legon ta fara a 1948, Arewa ba ta sami tata ba sai 1992 da aka kafa UDS, wadda Rawlings ya sa kuɗin wata kyauta da ya samu, dala 50,000, a matsayin tushenta. A gefenmu kuma iyaye da yawa sun ƙi kai yara makarantun mishan don tsoron kada a sauya musu addini, kuma tsoron ba na banza ba ne. Sashen Ilimin Musulunci da aka kafa ƙarƙashin hukumar ilimi ta ƙasa a 1987 ya rage wannan damuwa ƙwarai, ya haɗa allo da boko a aji ɗaya. Daga 2017 sakandare ta zama kyauta. Ma'ana, yaran zango da na ƙauyukan Arewa masu takardar gama sakandare sun fi na kowane zamani yawa. To, ina za su je daga nan?

Abin mamakin shi ne, wannan yankin da aka bari a baya wajen boko shi ne ya riga kowa a ƙasar nan wajen alƙalami da tawada. A Yendi, tun zamanin Naa Zanjina, wajen shekarar 1700, malamai Hausawa da Wangarawa suke da gurbi a fadar Dagwamba. A ƙasar Gwanja, malamai sun rubuta tarihin sarakunansu da Larabci tun tsakiyar ƙarni na 18. Salaga kuwa a ƙarni na 19 ta zama abin da yau za a kira garin jami'a, duk da ba ta da ginin da aka rubuta wa suna a ƙofa.

Ya kamata mu tsaya mu ga yadda abin ya yi aiki, domin a nan darasin yake. Goro yana fitowa daga dazukan Asante, amma sarakunan Kumasi ba sa barin baƙin fatake su wuce su shiga daji su saya da kansu, sai su tsaya a Salaga a kawo musu. Ayari kan taso daga Kano ko Katsina ko Sakkwato, ya ƙetare Kwara, ya ratsa ƙasar Bargu, ya biyo ta Sansanin Mango da Yendi, tafiyar watanni, da kanwa da tufafi da kayan fata da dabbobi. Agalawa da Tokarawa da Kambarin Barebari su ne suka yi suna a wannan fatauci, kuma daga cikin Agalawan ne gidan Alhassan Ɗantata ya fito. In ayari ya iso, sai kowa ya sauka gidan maigidansa, mai masauki wanda yake ajiye kaya, ya nemo masu saye, ya tsaya wa baƙo a kan bashi. Irin wannan ciniki ba ya yiwuwa sai da mai rubuta wasiƙa, da mai riƙe lissafi, da mai raba gardama bisa shari'a, da mai raba gadon wanda ya rasu a hanya. Malami ke nan. Maigida ya ba shi ɗaki da abinci, fatake su ba shi zakka da sadaka, shi kuma ya shimfiɗa buzu a zaure ya karantar. Ɗalibi ya sauke Alƙur'ani, ya ɗauki Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, mai himma ya wuce Muhtasar da tafsiri da nahawu, ya gama littafi wurin wannan malami ya karɓi izini, ya koma wurin wancan. Riba ta ciyar da karatu, karatu kuma ya tsare amanar ciniki.

Ba za mu ɓoye ba, a kasuwar nan ɗin an sayar da bayi masu yawa, kuma wani kaso na dukiyar garin daga hawayen mutane ya fito. Rijiyoyin da ake nuna wa baƙi a Salaga suna tuna mana da wannan. Duk makarantar da za a kafa a can, wajibi ne ta koyar da wannan babi yadda yake, domin zuriyar waɗanda aka sayar maƙwabtanmu ne, wasunsu kuma su ne mu.

Mutumin da ya fi kowa nuna girman karatun Salaga shi ne Alhaji Umaru, wanda aka haifa a Kano wajen 1858, ya biyo hanyar fatake ya zauna a Salaga, daga baya ya koma Kete Krachi ya zama limami, ya rasu a can a 1934. Ya yi rubutu da Larabci da ajami, ya yi waƙoƙi a kan zuwan Nasara da kan talauci da wadata, ya rubuta littafin koyon tsara wasiƙa, ya kuma rubuta wa Bajamushe Adam Mischlich bayanai a kan tarihi da al'adun ƙasar Hausa waɗanda masana suke amfani da su har gobe. Almajiransa sun bazu cikin zangunan ƙasar nan suna limanci da karantarwa. A shekarun 1960 Cibiyar Nazarin Afirka ta Legon ta bi gari-gari tana tattara irin waɗannan rubuce-rubuce. Suna can a ajiye a Akra. Yara nawa ne a Salaga yau za su iya buɗe shafi ɗaya su karanta?

Me ya fitar da malami kamar wannan daga Salaga? Abu biyu. Na farko, hanyar kasuwa ta kauce. Da Ingilishi suka ci Kumasi a 1874, Gwanja ta ɓalle daga hannun Asante, su kuma suka toshe goro, ciniki ya koma Kintampo da Atebubu da Kete Krachi, daga baya jirgin ruwa zuwa Ikko ya ƙarasa kashe ayarin ƙasa. Na biyu, yaƙin basasa na 1892 a kan sarautar Kpembe ya watsa garin, fatake da malamai suka kwashe littattafansu suka gudu. Garin karatu ba ya rayuwa sai da abin da zai ci da kuma kwanciyar hankali. In ɗaya ya tafi, malamai su ne farkon masu ɗaure kaya.

Wannan ma shi ne ya sa ba mu ce Bawku ba, duk da kasuwarta ta albasa da shanu da cinikin kan iyaka ta fi ta Salaga ƙarfi. Rikicin sarautar da ke tsakanin Kusasi da Mamprusi ya jawo dokar hana fita, ya kori malamai da ma'aikatan jinya, har ya kai ga rufe makarantu. Ba mu goyon bayan kowane ɓangare, muna da 'yan uwa da surukai a ko'ina. Muna dai cewa ba uban da zai tura 'yarsa kwana a garin da ake harbi da magariba. Yendi ta ɗanɗana irin wannan bayan kisan Ya-Na Yakubu Andani na Biyu a 2002, ta yi shekara 17 kafin a naɗa Ya-Na Abukari na Biyu a 2019, kuma tun daga nan kowa ya ga yadda garin ya fara numfashi. Yendi za ta iya karɓar reshe nan gaba, Bawku ma haka in Allah ya kawo sulhu. Amma a fara a inda tarihin karatun ya fi kauri, inda kuma garin yake zaune lafiya.

Wani zai ce mafarki ne, ƙauye da jami'a ina haɗi? To, a duba Kansoe kusa da Namoo a gundumar Bongo, can ma bakin iyakar Burkina. Wani fada na cocin Katolika ɗan yankin, Moses Asaah Awinongya, ya kafa kwaleji mai zaman kanta a can da taimakon abokansa na Jamus, ya sa mata suna Regentropfen, wato ɗigon ruwan sama da Jamusanci. Hausawa ma sun ce da yayyafi kogi kan cika. A duba Ashesi, wadda Patrick Awuah ya buɗe a 2002 a gidan haya a Akra da ɗalibai 30, ta koma ƙaramin garin Berekuso a 2011, ta sami cikakken 'yancin ba da digirinta a 2018, yau kuma ana zuwa mata daga ƙasashen Afirka da dama. A Najeriya, al'ummar Musulmin Katsina sun haɗa hannu ƙarƙashin gidauniyarsu suka kafa jami'ar da ake kira Al-Qalam a 2005. A Nijar, da aka tashi kafa jami'ar Musulunci ta ƙasashen Musulmi, ba Yamai aka kai ta ba, Say aka kai ta, tsohon garin malamai na bakin Kwara, ta buɗe a 1986. Ko a nan gida, mutanen Wa za su gaya maka yadda zuwan reshen UDS ya cika garin da gidajen haya da masu sayar da abinci da masu buga takardu, har reshen ya zama jami'a mai cin gashin kanta.

Mu Musulmi kusan kashi 20 cikin 100 ne na mutanen Ghana bisa ƙidayar 2021. Muna da Kwalejin Jami'ar Musulunci da ke East Legon, wadda gidauniyar Ahlul Baiti ta ƙasar Iran ta kafa a 2000, muna kuma da ta Lakeside. Sun yaye yaranmu da yawa, ba mai musun wannan. Amma dukansu a Akra suke, inda kuɗin ɗaki kaɗai ya isa ya kayar da manomin doya na Salaga. Babban masallacinmu na Kanda ma da taimakon Turkiyya aka gina shi. Mun gode wa duk wanda ya taimaka, sai dai ina ganin akwai abin kunya kaɗan a ce jikokin mutanen da suka riƙe malamai da ribar goro sun koma jiran baƙo ya zo ya aza musu tubali.

Akwai hujjoji masu nauyi a kan wannan ra'ayi namu, kuma ya kamata a ji su. Jami'a mai zaman kanta da kuɗin ɗalibai take rayuwa, yankin da muke magana a kansa kuwa yana cikin mafi talauci a ƙasar. Tun 2025 gwamnati ta ɗauke wa 'yan shekarar farko na manyan makarantunta kuɗin karatu, to wa zai bar kyauta ya je ya biya? Malami mai digirin digirgir zai yarda ya bar Kumasi ya zauna a garin da ruwan famfo yake wahala? Sannan hukumar GTEC, wadda dokar 2020 ta ba kula da manyan makarantu, ba ta amincewa da makaranta sai ta ga malamai da ɗakin karatu da gine-gine. Wanda ya buɗe aji ba tare da wannan izini ba, takardar banza zai ba yaran mutane.

Duk gaskiya ne, kuma shi ya sa muka ce waƙafi. In aka dogara da kuɗin ɗalibai a Salaga, shekara uku ta yi yawa za a rufe ƙofa. Abin da zai riƙe ta shi ne abin da ya riƙe zaurukan da: dukiyar 'yan kasuwa da aka tsayar don Allah. Masu shanu na Tulaku a Ashaiman, masu albasa da suka koma Adjen Kotoku, masu manyan motoci da ke jigila tsakanin Tema da Wagadugu da Yamai, masu canji, 'yan uwanmu na Amurka da Jamus da Italiya, duk cikinsu akwai wanda zai iya ba da shago ɗaya a Kumasi ko gida ɗaya a Akra, a rubuta shi waƙafi, kuɗin hayarsa ya riƙa biyan albashin malami ko karatun yarinya. Mutum ya je Hajji sau biyar, Allah ya karɓa, amma da ya tsayar da kuɗin na shida a nan, ai ladan ba zai yanke ba ko bayan ransa. Sharaɗin kawai shi ne amana: kwamitin amintattu mai rajista, akanta daga waje, da lissafi da za a buga kowace shekara kowa ya gani. Jama'armu sun sha ba da gudummawa a masallaci ba su sake jin labarinta ba, kuma ba za a zarge su ba in sun riƙe aljihu.

Sai kuma ta kasance ƙarama, kuma ta san abin da ta zo yi. Ba a bukatar ƙofa mai hasumiya da fanni ashirin. A fara da ɗalibai kaɗan da fannoni huɗu ko biyar waɗanda ƙasar take nema: noma da kiwo da lafiyar dabbobi, lissafin kuɗi da kasuwanci har da na tsarin Musulunci, kiwon lafiyar al'umma, kwamfuta, sai sashen Larabci da Hausa da ajami wanda zai dawo da kofen rubutun Alhaji Umaru da takwarorinsa gida a karanta su. A haɗa da Faransanci na dole, tunda Togo da Burkina suna bayan katanga. Gini na farko kuma ya zama ɗakin kwanan 'yan mata mai tsaro da uwar gida, domin wannan ne zai sa uba a Gushegu ko Garu ya yarda, kuma kowace yarinyar da ta shiga can ta ragu daga layin masu ɗaukar kaya a ka a kasuwannin Akra da Kumasi.

Abu na ƙarshe shi ne wanda ya fi ba ni tsoro, wato mu kanmu. In aka ce jami'ar ta Tijjaniyya ce, Ahlussunna za su janye. In aka ce ta Ahlussunna ce, wasu su janye. In aka ce ta Hausawa ce, Gwanja da Dagwamba da Kusasi da Mamprusi da Busanga da Konkomba za su ce ba da su ba, alhali a ƙasar Gwanja za a gina ta, a filin da Kpembewura da dattawansa ne kaɗai za su iya bayarwa da takarda. Dole ƙofarta ta kasance a buɗe ga kowane yare, ga Kirista da mai addinin gargajiya, yadda mu ma muke neman a bar yaranmu su yi salla da azumi a makarantun mishan. Abin da muke ƙorafi a kai a gidan wani, kada mu yi shi a namu. Ofishin Babban Limamin Ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, yana da mutuncin da zai tara kowa a tabarma ɗaya, kuma muna roƙon a yi amfani da wannan mutunci a wannan aiki.

Su ma hukumomi suna da nasu rabo. Majalisar gundumar Gwanja ta Gabas da 'yan majalisar dokokin yankin su matsa a kan ruwan sha na Salaga, da hanyar Tamale, da jirgin fito na Makango zuwa Yeji wanda shi ne gajeriyar hanyar kudu. Ba za mu ce gwamnati ta gina mana jami'a ba, amma ruwa da hanya da wuta haƙƙin kowane gari ne.

Muna kira ga sarakunan zango da limamai da ƙungiyoyin 'yan kasuwa da malaman jami'a 'ya'yan zango da su zauna kafin azumi mai zuwa, su fitar da amintattu, su je GTEC su ji sharuɗɗa, su je Kpembe su yi gaisuwa, su buɗe rajistar waƙafi. Wanda yake da shago ya kawo shago, wanda yake da ilimi ya kawo lokacinsa. Wannan shafi a shirye yake ya buga sunan duk abin da aka tara da inda ya tafi, ya kuma buga ra'ayin wanda bai yarda da mu ba. Allah ya zaunar da Bawku lafiya, ya ƙara wa Yendi da Salaga kwanciyar hankali, ya ba masu hali ikon bayarwa.